Kafin Ka Yarda Cewa "Gas Ya Ƙare": Abin da Mai Gida Zai Duba In Kwandishan Ya Daina Sanyi

Duk wanda ya san Kumasi ya san Fabrairu da Maris. Hunturu ya janye, ruwan sama bai kankama ba, da rana zafi yakan haura digiri 33, ga gumi mai danƙo wanda fanka ba ta iya masa komai. A zanganninmu, daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba, Sabon Zango da Akwatia Line, abin ya fi tsanani, domin gidajen ɗaki a jikin ɗaki ne, rufin kwano, taga ɗaya. A da kwandishan sai banki da otal. Yanzu kuwa ka shiga gida ka tarar da shi a ɗakin tsohuwa, yaro ya aiko da kuɗi daga Amurka ko Jamus an sa mata, ko kuma ɗan kasuwa ya tara ya sa wa iyalinsa.

To, a daidai wannan lokaci na tsananin buƙata ne injin yake ba da kunya. Ka kira mai gyara, kafin ya ajiye jakarsa ya yanke hukunci: "Alhaji, gas ya ƙare." Ka biya, a ɗura, bayan mako uku a koma gidan jiya.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa, ban yi makarantar injiniya ba. Amma na shekara fiye da goma ina kula da injina uku, biyu a gida ɗaya a shago, kuma Allah ya yi ni da yawan tambaya idan masu gyara suna aiki. Abin da na tsinta shi ne wannan: gas ɗin kwandishan ba kamar man mota ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, yana zagaye. Idan ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Kuma yawancin cutar injinanmu a Zango ba ma ta gas ba ce. Abu uku ne: ƙura, wuta, da ruwa.

Yadda injin yake aiki, a taƙaice

Irin wanda muka fi amfani da shi kashi biyu ne, na ciki da ke jikin bango, da na waje mai ƙara. Mutane suna tsammanin injin yana ƙera sanyi ne. A'a, kwashe zafi yake yi. Gas ɗin yana bi ta na cikin, ya shanye zafin iskar ɗaki. Kwamfuresa, wanda shi ne zuciyar injin kuma yana cikin na waje, ya matsa gas ɗin, fankar waje ta fitar da zafin, gas ya komo ciki ya sake ɗauko wani. Kamar ɗan dako ne mai kai kaya yana dawowa. Idan aka toshe masa ƙofar ɗauka ko ƙofar saukewa, aiki ya tsaya, ko da lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya faru a ɗakin Inna

Mahaifiyarmu ta haura shekara tamanin, tana da hawan jini, kuma in zafi ya hana ta barci, washegari a jikinta muke gani. A watan Maris na 2024, cikin azumi, ina kasuwar Techiman uwargida ta kira ni ta ce injin ɗakin Inna yana hura iska amma babu sanyi, kwana biyu ke nan tsohuwa a tabarma take kwana bakin ƙofa. An kira wani yaro mai gyara, ya ce gas ne, kuma mai yiwuwa kwamfuresa ma ya tafi. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin na sabon inji.

Na ce mata, "Hajiya, ki ba shi kuɗin mota, ki ce zan neme shi. Kada a kwance komai."

Da na dawo na ɗauko wani dattijon masta da na daɗe da sani. Bai taɓa tulun gas ba. Ya buɗe murfin na ciki, ya zaro ragar tace iska, sai ga ta kamar bargo, ƙurar hunturu ta yi mata rufi. Ya fita waje ya ce a kunna. Muka ji injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya yi "ƙyas", ya yi shiru. Ya kashe wuta, ya buɗe gefe, ya nuna mini wani ɗan gwangwani mai kama da na madara, samansa ya kumbura.

Ya ce, "Alhaji, ga ɓarawonka. Kafasita ce. Ita take ba kwamfuresa ƙarfin tashi. Gas ɗinka yana nan cif."

Aka sayo sabuwa mai lamba iri ɗaya, aka wanke raga da injin waje. Kafin sallar isha'i ɗakin ya ɗauki sanyi, Inna ta koma gadonta. Duk abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin farko ba. Maƙwabcina kuwa sau uku aka ɗura masa gas a shekara guda, ba wanda ya tsaya neman inda yake fita, har kwamfuresan ya ƙone.

Abin da za ka duba da kanka, ba ko sisi

Na farko, rimot. Kada ka yi dariya, yara suna wasa da shi. Duba batir, sannan duba alamar da ke fuskarsa. Alamar ƙanƙara ita ce sanyi. Ɗigon ruwa na busar da iska ne. Fanka, iska ce kawai. Alamar rana kuwa ta ɗumama ɗaki ce, kuma injinan da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi suna da ita. Sannan lambar da ka sa ta kasance ƙasa da zafin ɗakin, in ba haka ba kwamfuresa ba zai tashi ba.

Na biyu, haƙurin minti uku. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko ka kashe ka kunna, injin waje yakan jira kamar minti uku kafin ya tashi. Da gangan aka yi shi haka don kare kwamfuresa. Ba lalacewa ba ce.

Na uku, raga. Kashe wuta, ɗaga murfi, zaro ragogin biyu, wanke da ruwa da ɗan sabulu, shanya a inuwa su bushe sarai kafin ka mayar. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa yi duk mako biyu. Wanda gidansa ke bakin titi, ko ake girki da gawayi kusa da ɗakin, haka zai yi duk shekara.

Na huɗu, injin waje. A gidajenmu tsakar gida ta kowa ce. Za ka tarar an jingina masa katifa, an ɗora masa bokiti, ko an shanya zane a kansa. A bar masa sarari ta baya da gefe, gabansa kuma a buɗe. Duba haƙarƙarinsa na baya: in ƙura, gashin kaji da leda sun toshe, zafi ba zai fita ba. A kashe wuta a wanke da ruwa a hankali, ba da ƙarfi ba, kada siraran ƙarafan su lanƙwashe, kada kuma ruwa ya shiga wajen wayoyi.

Na biyar, gwaji mai sauƙi. Bar injin ya yi minti goma sha biyar yana aiki, ka fita ka sa hannu gaban fankar waje. In iska mai zafi ke fitowa, kwamfuresa yana aiki. In iskar ba ta da bambanci da ta gari, fanka ce kaɗai ke juyawa. Sannan taɓa babban bututun da ke shiga injin waje, ya kamata ka ji shi da sanyi yana zufa. Mai ma'aunin zafi ya auna iskar da ke shiga na ciki ta sama da wadda ke fitowa ta ƙasa. Inji mai lafiya yakan ba da bambancin digiri 8 zuwa 12.

In ka ga ƙanƙara ta kama bututu ko cikin injin, kada ka ɗauka sanyi ne ya yi yawa. Alamar cuta ce: ko iska ba ta wucewa saboda datti, ko gas ya ragu. Kashe sanyin, bar fanka kaɗai har ƙanƙarar ta narke, wanke raga, sake gwadawa. In ta dawo, to lokacin kiran masta ya yi.

Wuta: mai kashe inji a ɓoye

Mu da muka ga dumsor daga 2012 zuwa 2016, musamman 2015, ba sai an ba mu labari ba. Kalmar ta Tonawa ce, ma'anarta kashe-kunna, kuma kashe-kunnan nan ya ci firji da kwandishan ba adadi. Amma ko ba a ɗauke wuta ba, akwai matsalar rauninta. Wutar gida a Gana bolt 230 ce. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, a unguwa mai cunkoso takan yi ƙasa. Ka ga fanka tana juyawa da ƙyar, to kwamfuresa ma wahala yake sha: yana jan wuta fiye da ƙima, yana zafi, kafasita tana gajiya.

Maganinsa shi ne na'urar kariya da ake sa wa tsakanin inji da wuta, wadda ke yanke wutar in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta kuma jira kafin ta mayar. Inda wuta ke da rauni kullum, sai an haɗa da sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da injin. Kuɗinsu bai kama ƙafar na kwamfuresa ba.

Sai maganar waya, wadda ta wuce batun kuɗi ta zama ta rai. Yawancin tsofaffin gidajen Zango an ja musu waya ne tun zamanin da kayan wutar ɗaki ba su wuce ƙwai ɗaya da rediyo ba. Kwandishan yana buƙatar wayarsa shi kaɗai daga akwatin wuta, da makashinsa na kansa, da wayar ƙasa mai kyau. Ƙaramin inji yana son waya mai kaurin milimita 2.5, babba kuma 4. Ba a jona shi a soket ɗin da firji da dutsen guga suke, ba a kuma sa shi a doguwar wayar jone-jone.

In makashin wuta yana faɗuwa duk lokacin da aka kunna, kada a matsa masa, kada a sauya shi da mai girma don ya daina faɗuwa. Gargaɗi yake yi. In ka ji warin roba tana ƙonewa, ko soket ya yi zafi, ko ya yi baƙi, kashe daga akwati nan take. A gidan da iyali goma suke ƙarƙashin rufi ɗaya, ga lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, gobarar ɗaki ɗaya ta kowa ce. Dokar jan waya ta 2011 ta ce mai aikin wutar gida sai wanda Hukumar Makamashi ta ƙasa ta ba shaida. Ka nemi ganin katinsa, ba raini ba ne. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112. A rubuta a manna inda yara ma za su gani.

Abu ɗaya kuma: kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe inji. Kada mai gida ya sa hannu a gefen wayoyin injin waje. Wannan aikin masta ne.

Ruwa yana ɗiga a kan gado

Iskar Kumasi tana da laima, kuma injin yana tatse ruwan da ke cikinta, ya zubar ta wani ɗan tiyo zuwa waje. In ka ga ruwa yana bin bango a cikin ɗaki, galibi tiyon ne ya toshe, ko da gansakuka da laka, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa, ko an lanƙwasa shi, ko bakinsa ya nutse cikin bokitin da ake tara ruwan. A share bakin, a tabbatar yana gangarawa ƙasa. In injin ciki ya karkace a bango, sai a gyara masa zama. Ba gas a wannan magana ko kaɗan. Kuma a toshe ramin da bututu ya bi ta bango, domin ta nan tsaka da kyankyaso ke shiga su kwanta kan allon lantarkin injin su ƙona shi.

In da gaske gas ɗin ne

Yakan faru. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka tambayar farko ita ce: ta ina ya fita? Wurin da aka fi samu shi ne mahaɗar bututu, inda aka ɗaure da noti. Gas yana tafiya da ɗan mai, saboda haka in ka ga maiƙo da ƙura ta manne a mahaɗa, ga alama nan. Masta na gari zai shafa kumfar sabulu ya nuna maka inda take tasowa.

Ga abin da nake tambayar duk mai gyara, cikin mutunci:

Ina yoyon yake? Nuna mini kafin ka ɗura.

Wane gas ne a injina? An rubuta a takardar da ke manne a jikin injin waje: R22, ko R410A, ko R32, ko R290, tare da nauyin da yake ɗauka. Ba a gauraya su, ba a kuma sa wani a madadin wani. Ƙarfin matsin R410A ya fi na R22 nesa, R32 yana iya kama wuta, R290 kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Kada a yi walda ko a kunna ashana kusa da su.

Kana da injin zuƙe iska? Bayan an gyara yoyo dole a zuƙe iska da laimar da suka shiga bututu kafin a ɗura sabon gas. Wanda ya ce ba sai an yi ba, gajeren aiki zai yi maka.

Da me za ka gwada bututun? Da naitirojin ake yi. In ya ɗauko tulun iskar walda, wato oksijin, hana shi. Haɗuwarta da man kwamfuresa tana kawo fashewa.

In an sauya wani abu, a ba ka tsohon a hannu, a kuma yi maganar kwana nawa ya tsaya wa aikinsa.

Masu tsohon inji na R22 su sani cewa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ana janye wannan gas daga duniya saboda illarsa ga sararin sama, kuma ƙasashe irin namu an ɗibar musu zuwa 2030. In kwamfuresan irin wannan inji ya mutu, a yi lissafi da kyau kafin a zuba kuɗi a gyara.

Ga mai shirin saye, da mai aikowa daga waje

Araha ba ta ado. Tun 2008 doka ta hana shigo da tsofaffin firji da kwandishan Gana, saboda shan wutarsu. Sabo yana zuwa da takardar taurari ta Hukumar Makamashi, kuma yawan taurari, ƙarancin cin mita. Inji mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da kilowat ɗaya kaɗan, wato in kwamfuresa bai huta ba, awa takwas za su ci maka wajen yunit tara. Shi ya sa sa shi a 16 asara ce: ba ya ƙara saurin sanyi, hana inji hutu kawai yake yi. A bar shi a 24 ko 25, a haɗa da fanka, a rufe ƙofa, a sa labule. Ɗakin da ba shi da silin kuwa, gara a fara yin silin kafin a sayi inji. In mita ta haɗin gwiwa ce da sauran 'yan haya, a zauna a yi magana tun kafin a kafa, don zaman lafiya ya fi sanyin ɗaki.

Ku kuma 'ya'yanmu na Amurka, ku aiko da kuɗi a saya a nan. Wutar gida a can bolt 120 ce, kuma bugunta 60 ne a daƙiƙa, tamu 50. Taransifoma tana gyara bolt, amma ba ta gyara bugu.

Ɓangaren ɗumi

Mu a Kumasi ba mu cika neman ɗumama ɗaki ba, amma wannan mujalla tana isa Bawku, Kano, Maraɗi da Agadas, inda hunturu ke sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki, tana kuma isa wurin 'yan'uwa a ƙasashen ƙanƙara. Haɗarin ɗaya ne. Gawayi, janareta, da injin ɗumi mai aiki da gas in ya sami matsala, duk suna fitar da wata guba marar launi marar wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada a ajiye janareta a soro ko gindin taga. Wanda ke Turai ko Amurka, in ɗumin gidansa ya lalace, ya duba batirin ma'aunin da ke bango da makashin wuta, daga nan ya kira mai gidan haya. Kada ya kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, kuma ya sa ƙararrawar da ke jin wannan guba. A birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa mai gida ya ba 'yan haya ɗumi, in ya ƙi ana kai ƙara ta lambar 311.

Ba ina cewa masu gyara duka macuta ba ne. Akwai na kirki da yawa a garin nan, wasu kuma ƙarancin sani ne da rashin kayan aiki ke sa su gaggawar ɗura gas. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka iya cewa, "Masta, na wanke raga, fankar waje tana juyawa, amma bututu ba sanyi, kuma ina jin gurnani," ka rage masa rabin aiki, shi ma ya san da wa yake magana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen Janairu, kafin zafi ya sauko kuma kafin masu gyara su yi wuyar samu, a kira masta ya wanke inji ciki da waje, ya auna kafasita, ya ɗaure wayoyi, ya share tiyo. A koya wa uwargida da manyan yara wanke raga, a nuna musu inda makashin wuta yake, domin mu 'yan kasuwa rabin rayuwarmu a hanya take, kuma inji ba ya jiran mai gida ya dawo kafin ya lalace. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare gidajenmu, ya kawo kasuwa mai albarka.